Godiya ga duk waɗanda suka raya mana zaman daren Asabar

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zaman da muka shirya wa yaran ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa da iyayensu a nan Maraɗi ya gudana lafiya, kowa ya koma gida lafiya. A madadin masu horarwa, ina miƙa godiya, ko da yake ba zan kama sunan kowa ba, domin da yawa daga cikinku sun roƙe ni kada in yi haka.

Baba Mai unguwa, Allah ya ƙara girma. Kai ka ba mu ƙofar gidanka, kuma ka zauna har aka tashi duk da sanyin da ake yi. Malam Liman ya buɗe mana da addu'a ya rufe da addu'a, Allah ya saka da alheri. Alhaji mai gidan kallo ya rufe wurinsa a daren da ake buga manyan wasanni, ya ɗauko talabijin da janareto ya kawo mana kyauta, wanda ya san cinikin daren Asabar ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Iyayenmu mata da suka yi dambu da kunun zaƙi, Allah ya bar zumunci.

Babbar godiya ta baƙonmu ce, ɗan ƙasar Madagaska da aiki ya kawo shi garin nan, tare da malamin makarantar da ya riƙa mayar da jawabinsa daga Faransanci zuwa Hausa. Mun roƙe shi ya ba yaranmu labarin ɗan wasa guda ɗaya na ƙasarsu, daga farko har inda yake yau, sai ya zaɓi Rayan Raveloson, ɗan wasan tsakiya.

An haifi Raveloson a Madagaska a shekarar 1997, ya tashi a tsibirin Reyuniyon, inda ya fara taka leda. Daga can ya tafi Faransa, ƙungiyar Tours ta rukuni na 2. A 2018 Tours ta faɗi daga rukunin, shi kuma ya koma Troyes, ita ma rukuni na 2. A nan baƙon ya tsaya ya tambayi yaran: wa ya taɓa jin sunan waɗannan ƙungiyoyi? Ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba. To a can ya yi shekaru yana buga wasa kowane mako ba tare da an san shi a gidajen kallonmu ba, har Troyes ta lashe rukunin a kakar 2020/2021. A 2021 ya tafi Amurka wajen LA Galaxy, a 2022 ya dawo Faransa ya shiga Auxerre. Kakarsa ta farko a can ƙungiyar ta faɗo rukuni na 2. Bai gudu ba, ya zauna har suka lashe rukunin a 2024 suka koma sama, sannan a 2025 ya wuce Young Boys ta birnin Bern a Suwizalan.

Ni dai wannan ɓangaren ne ya fi zauna mini a rai, kuma saboda shi muka matsa iyaye su zo. Kun san abin da ya faru da wani gida a unguwar nan bara, da aka sayar da gona aka danƙa wa wani mai kiran kansa dillalin 'yan wasa, wai zai kai yaro gwaji Turai, daga nan wayarsa ta daina shiga. Yaran namu idonsu na kan Madrid da Barcelona ne kawai. Ga mutum da ya bi matakala ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙungiya da ya je da kwantiragi a rubuce, har sau biyu ƙungiyarsa na faɗuwa, amma yana cin abinci da ƙwallo shekara da shekaru. Sannu ba ta hana zuwa.

Da aka zo kan ƙungiyar ƙasa, wato Barea, sai zaman ya koma raha. Raveloson yana da shekara 22 aka sa shi cikin tawagar da Nicolas Dupuis ya kai gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, zuwan Madagaska na farko a tarihi. Sun yi 2-2 da Gini, suka ci Burundi 1-0, sannan suka doke Najeriya 2-0 a Iskandariyya, Lalaina Nomenjanahary da Carolus Andriamatsinoro ne suka ci. Suka fitar da Kwango ta Kinshasa a bugun fenariti, sai a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe Tunisiya ta tsayar da su da ci 3-0. Yaranmu suka fara tsokanar 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Jibiya ta Najeriya domin zaman, sai baƙon ya yi murmushi ya tuna mana watan Nuwamba na 2019. Raveloson ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da suka doke Habasha da ita a Antananarivo, bayan 'yan kwanaki kuma Barea ta zo har Yamai ta zuba wa ƙungiyar ƙasarmu Mena 6-2. Nan tsokana ta mutu. Bai ƙyale mu ba, ya ƙara da gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, inda suka ƙwace mana matsayi na uku da ci 1-0. A ta 2025 kuwa har wasan ƙarshe suka kai a Nairobi, Maroko ta ci su 3-2 da ƙyar. Yallaɓai, mun yafe, amma idan ka sake zuwa ka bar wannan lissafin a gida.

'Yan Jibiya, mun gode da tattakin da kuka yi, Allah ya maimaita mana. Ƙannena 'yan ƙungiya da kuka share fili, kuka jera benci da tabarmi, kuka kwashe bayan an tashi, kun fitar da mu kunya. Na kuma ji daɗin tambayar da ɗaya daga cikin iyaye mata ta yi, a kan yadda za a gane takardar gayyata ta gaskiya. Mun yi alkawarin neman wanda ya san dokokin sauya ƙungiya ya zo ya yi mana bayani a zama na gaba. Kafin nan, duk wanda wani ya zo masa da zancen kai ɗansa waje, don Allah kada ya ba da ko dala sai ya zo mun duba tare.

Ɗan abin da ya rage daga gudummawar da aka tara, mun yanke shawarar sayen ƙwallaye da gyaran raga, za a karanta lissafin a gaban kowa ranar Juma'a bayan la'asar. An tsinci hula da makullin babur a wurin zaman, suna hannun Mai unguwa. Atisaye yana nan ranar Litinin da ƙarfe 4 na yamma, kowa ya zo da takalminsa.

Allah ya saka wa kowa da alheri.