Tace bidiyo a Linux: manhajojin da na gwada da wadda na tsaya a kai

Da na mayar da kwamfutata kan Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, tace bidiyo ne aikin da ya fi tsaya mini a rai. Premiere Pro ba ta gudana a nan, Final Cut kuma ta masu Apple ce kaɗai, don haka dole na nemi madadinsu.

OpenShot na fara ɗauka, wadda Jonathan Thomas ya ƙirƙira a 2008. Ga sabon shiga ba ta da wuya ko kaɗan: ka jawo fayil, ka yanke, ka liƙa, ka sa rubutu, shi ke nan. Aikina ne ya girme ta, da na fara buƙatar layukan sauti da yawa da gyaran launi. Shotcut na koma daga nan, sannan Kdenlive ta mutanen KDE, wata ƙungiyar masu haɗa manhajojin kyauta, wadda aka soma tun 2002, kuma ita nake amfani da ita har yanzu. Abin da ya ba ni mamaki, waɗannan biyun da wata manhajar tace bidiyo mai suna Flowblade duk inji ɗaya ke jan su, wato MLT, kuma wata manhaja mai suna FFmpeg ce ke karanta musu fayiloli. Ashe gardamar da ake yi kan wacce ta fi wata, rabinta gardama ce kan tsarin maɓallai da tagogi.

Inda aikin yake da gaske shi ne fayil ɗin da ka ba manhajar. Yawancin wayoyi ba sa ɗaukar bidiyo da adadin firam tsayayye, wato yawan hotunan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Su kan ƙara su rage gwargwadon haske da motsi. A farkon bidiyon komai daidai yake, amma can gaba sai ka ga leɓen mutum na motsi alhali maganar ta riga ta wuce. Ko ka sauya manhaja, matsalar za ta bi ka. Maganinta shi ne a juya fayil ɗin ya koma firam 30 ko 25 a kowace daƙiƙa kafin a fara yanka. Shotcut ma takan yi maka gargaɗi da kanta, ta ce ko a juya maka.

Haka bidiyon 4K a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Kdenlive na iya yin ƙananan kwafi marasa nauyi da ake kira proksi, ka yi aikinka a kansu ba tare da hoto yana sarƙewa ba, in an zo fitarwa ta koma kan na asali. Tun da na kunna wannan, zancen sayen sabuwar kwamfuta ya fita daga raina.

DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da sigar kyauta a Linux, sai dai ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, wato irin wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara. A gyaran launi ta yi wa sauran nisa, wannan ba ja. Amma sigar kyautar ba ta karanta bidiyo mai tsarin H.264 da H.265 a Linux, ba ta kuma karanta sautin AAC, kuma su ne kusan kowace waya ke fitarwa. Dole ka juya komai zuwa wani tsarin da take karantawa, kamar DNxHR, fayilolin su ninka girma sau da yawa, ga shi tana son katin hoto mai ƙarfi, galibi na Nvidia. Ga mai gajeren bidiyon YouTube, wahalar ta fi ribar.

Wajen sakawa, na daina dogara da rumbun manhajojin Debian ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, domin sigar da ke ciki takan tsufa. Flatpak ko AppImage nake ɗaukowa, wato ƙunshin manhaja da ke aiki a kan nau'o'in Linux daban-daban, kuma ba na sabunta manhaja ana tsakiyar aiki sai na kammala na fitar. Blender ma tana da sashen yanka bidiyo, amma in ba dama kana zanen 3D a cikinta ba, ban ga dalilin shan wahalar koyonta don wannan kaɗai ba.