Kwanon sha, baho, da jirgin da ya kife a 1870

Muna aji uku a sashen injiniyanci, malaminmu na darasin ruwa da motsinsa ya shigo da baho cike da ruwa, da kwanon sha mai murfi, da 'yan duwatsu a aljihun kaftani. Ya ɗora kwanon a kan ruwa, ya zuba duwatsun a cikinsa, ya tura shi da yatsa. Kwanon ya karkace, ya dawo ya daidaita. Sai ya kwashe duwatsun, ya rufe kwanon, ya jera su a kan murfin, ya ɗan taɓa shi. Nan take ya kife, ruwa ya fantsamo wa na layin gaba. Muka kwashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Jama'a, abin da kuka gani ɗin nan ya ci rayuka kusan 480 a dare ɗaya. Ku je ku binciko mini jirgin Ingila da ake kira Captain."

Kafin wannan aikin, a tunanina jirgin yaƙi mai sulken ƙarfe ba shi da abin tsoro. Ai ƙarfe ne, igwa ba ta huda shi. Kuma akwai dalilin wannan tunanin. A ranar 9 ga Maris 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, jirgin Monitor da na Virginia, dukansu masu sulken ƙarfe, sun kwashe sa'o'i suna ruwan harsasan igwa a kan juna a mashigar teku ta Hampton Roads, babu wanda ya nutsar da wani. Kwana ɗaya kafin nan Virginia ta yi kaca-kaca da jiragen katako biyu, Cumberland da Congress. Amma Monitor ɗin nan, wanda bakinsa bai fi inci 18 a saman ruwa ba, bai ga sabuwar shekara ba. A daren 31 ga Disamba 1862 ana jan sa a teku kusa da Cape Hatteras a gaɓar Amurka, igiyar ruwa ta rinƙa hawa kansa har ya nutse da mutum 16.

Labarin Captain ne ya fi tsaya mini a rai. Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Cowper Coles, shi ya ƙirƙiro irin hasumiyar igwa mai juyawa, kuma ya dage cewa za a iya haɗa ta da jirgi mai ƙasa-ƙasa da ruwa, wanda ke ɗauke da cikakkun filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, don tafiya mai nisa. Ƙasa-ƙasan nan dabarar yaƙi ce: abokin gaba ba shi da wurin da zai saita. Babban mai zana jiragen rundunar, Edward Reed, ya ƙi yarda. Jirgin da ya zana da kansa, Monarch, ya ba shi tazarar ƙafa 14 tsakanin ruwa da baki. Amma Coles yana da 'yan jarida da 'yan majalisa a bayansa, aka ba shi dama, kamfanin Laird da ke Birkenhead ya gina masa nasa.

A takarda, bakin Captain zai tsaya ƙafa 8 a saman ruwa. Da aka gama gini, nauyi ya ƙaru da sama da tan 700, tazarar ta dawo ƙafa 6 da rabi. Wannan ne wurin da na daɗe ina jujjuya lissafi. Jirgi idan ya karkata, akwai ƙarfin da ke mayar da shi tsaye, kuma ƙarfin yana ƙaruwa har zuwa wani mataki, daga nan ya fara raguwa. A Monarch, matakin yana wajen karkatar digiri 40. A Captain, wajen digiri 21 ne kawai, kuma tun a digiri 14 bakinsa ya fara taɓa ruwa. Ga filafilai a sama suna tara iska kamar duwatsun malam a kan murfi.

An gwada karkatarsa a tashar jiragen ruwa ta Portsmouth a ƙarshen Yuli 1870. Kafin a kammala lissafin a isar da shi ga masu jirgin, ya riga ya bi runduna zuwa teku. Bayan tsakar daren 6 ga Satumba, kusa da Cape Finisterre a gaɓar Sifaniya, iska ta taso, jirgin ya karkata bai dawo ba. Mutum 18 suka tsira. Coles yana cikin jirgin, ya mutu. Ɗan Hugh Childers, shugaban ma'aikatar sojan ruwa wanda ya mara wa Coles baya, shi ma yana cikin waɗanda suka mutu. Kotun da ta yi bincike ta ce an gina jirgin ne don biyan ra'ayin jama'a, saɓanin shawarar ƙwararrun ma'aikatar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lissafin nan da ya makara. Ilimin yana nan, mutanen da suka iya shi suna nan, takardar ce ba ta isa hannun da ya kamata ba a kan lokaci.

Yau aikina ƙera ƙarafunan da ake ɗora tankin ruwa a kai ne. Bara wani mai gida ya sa muka ƙera masa na tankin lita 5,000, da muka zo kafawa sai na tarar ya sayo na lita 10,000, wato ƙarin tan biyar a can sama. Ya ce, "Injiniya, a ɗora kawai, ai ƙarfe ne." Gaskiya na so in ce to, in yi lissafin daga baya idan na koma ofis, don motar ɗaga kaya tana tsaye ana biyan ta a kan awa. Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙurin rabin awa." Na zauna a kan bulo da biro da bayan takardar rasit. Ƙafafun ba za su ɗauka ba idan iskar farkon damina ta buga. Ya ɓata rai, direban ya tafi da kuɗinsa, muka kwana uku muna ƙara ƙarafunan giciye da faɗaɗa gindin kafin tankin ya hau.