Ranar da na raka Umma ɗaukar hoton ciki

Da likita ya rubuta wa Umma hoton siti sikan na ciki, ya ce sai an yi mata allurar wani ruwa kafin na'ura ta ga abin da ake nema, hankalina gaba ɗaya ya tafi kan hasken na'urar. Tun ina makaranta nake jin cewa hasken eksire yana jawo ciwon daji. Ruwan allurar kuwa na ɗauka irin ƙarin ruwan da aka saba ne.

Muka baro Tudun Wada da sassafe, cikin watan Afrilu, zafin Zariya na kan ganiyarsa. Tunda an ce kada ta ci abinci kafin hoton, Umma ta ɗaura niyyar azumin Litinin, wai kada yunwar ta tafi a banza. Ko ruwa ba ta kurɓa ba tun sahur.

Ma'aikacin ɗakin hoton ya zaunar da mu da takarda a hannunsa. "Mama, kina da asma? An taɓa yi miki wannan allurar jikinki ya yi ƙaiƙayi ko numfashi ya sarƙe? Wane magani kike sha?" Umma ta ce na suga kawai, metfomin. Ni ce na tuna da diklofenak ɗin da take saya a kemis saboda gwiwa, kusan kullum, shekara da shekaru, da jiƙon da ƙanwarta ke aiko mata. Umma ba ta lissafa su cikin magunguna. Mutumin ya ajiye biro, ya tambayi sakamakon gwajin ƙoda. Ba mu da shi.

Ya yi mana bayani cikin haƙuri. Ruwan yana ɗauke da aidin, shi ke sa jijiyoyin jini da kayan ciki su fito fili a hoton, kuma ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari. Ga mai lafiyayyar ƙoda, abu ne mai sauƙi. Amma tsohuwa mai ciwon suga, mai shan maganin ciwon jiki da ke wahalar da ƙoda, ga azumi cikin wannan zafi, ba a yi mata sai an ga gwajin jini na kiriyatinin, mai nuna ƙarfin aikin ƙoda. Idan ƙoda ta yi rauni, metfomin ma taruwa yake yi a jiki. Ya sallame mu. A lokacin na ji haushin kuɗin adaidaita da wunin da muka ɓata, yanzu kuwa addu'a nake yi masa.

Gwajin ya nuna ƙodar ta ɗan yi sanyi amma za ta iya ɗauka. Likita ya hana ta diklofenak da jiƙon, ya ce ta sha ruwa sosai kafin hoton da bayansa, ta dakatar da metfomin na awa 48 bayan allurar.

Ranar da muka koma na tambayi ma'aikacin abin da ke damuna tun farko, wato hasken na'urar. Ana auna hasken da ma'aunin milisibat. Hoton ƙirji guda bai wuce 0.1 ba, siti sikan na ciki yana kai 8 zuwa 10, alhali a matsakaici mutum a duniya yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Ke nan hoton Umma ya kai na shekara uku ko huɗu. Ba abin da za a riƙa maimaitawa ba dalili ba ne, musamman ga yara, shi ya sa ya ce mu adana fim ɗin da rahoton mu riƙa zuwa da su duk asibitin da muka je. Amma ga mai shekarun Umma, rashin gano ciwon ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Umma ta riƙe hannuna ta ce in tsaya tare da ita. Ma'aikacin ya ɗauko mini rigar dalma mai kare jiki daga hasken, sannan ya dube ni. "Malama, ko akwai juna biyu?" A gaban mahaifiyata! Na sunkuyar da kai na ce babu, alhali wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Har na sa hannu cikin rigar, zuciyata ta ƙi. Na ce zan yi fitsari, na fita, na raɗa wa wata nas gaskiya. Ita ta shiga ta tsaya da Umma har aka ɗaura allurar, ba tare da ta tona ni ba. Tun daga ranar nake ganin ya kamata a riƙa yi wa mata wannan tambayar a keɓe, don kunya tana sa da yawanmu mu ce a'a.

Umma ta fito tana cewa wani ɗumi ya ratsa ta daga wuya har mara, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ta zaci fitsari ya kubce mata. An riga an gaya mata haka za ta ji, kuma ya wuce nan take. Suka zaunar da mu rabin awa da allurar a hannunta, domin idan jiki zai ƙi ruwan, yawanci a lokacin yake nunawa. Ba ƙaiƙayi, ba kumburi. A kan bencin ta shanye ledar ruwa biyu, sannan ta dube ni ƙasa-ƙasa ta ce, "Ke kuma yaushe za ki fara awo?"