Abin da ƙaramin kan jirgi mai tururi ya koya mini a Agege

Yawancin abin da muke kira gyara a Legas canji ne. Janareta ya tsaya, a cire kabireta a jefar, a sayo sabuwa a ɗaura. Ba na ganin laifin bakanike, don mai kaya yana sauri, sabon kuma ya fi gyaran tsohon araha. Da haka nake cin abinci a shagona na gyaran keken ɗinki da ƙananan injuna a Agege, har ranar da aka kawo mini abin da ba a sayar da kayan gyaransa a kasuwar Ladipo, ba a kuma tsintar su a kasuwar Owode Onirin.

Ƙaramin kan jirgin ƙasa ne, tsawonsa bai fi kamu guda ba, tazarar ƙafafunsa milimita 45. Ba na batir ba ne irin na wasan yara. Yana da tukunyarsa ta jan ƙarfe, da silinda biyu, da murhun sifirit a ƙarƙashi, wato duk abin da babban jirgi mai kwal yake yi shi ma yana yi. Mai shi wani dattijo ne a unguwarmu, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya fara aiki yana saurayi da zuba kwal a wuta. Shekaru da dama jirgin yana cikin akwati naɗe da tsohon zane, danshin Legas da gishirin iskar teku suna cinsa a hankali. Ƙafafun sun ƙage, tsatsa ta kama sandunan.

Baba bai bar ni na ɗauki sifana ba sai da ya ce, "Ɗana, tukunya tukuna. In tukunya ba ta da lafiya, sauran duk ado ne." A nan aikin ya fi daɗewa, a nan kuma na fi ƙaruwa.

Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,600 na wanda yake ciki. Irin wannan ƙaramar tukunya tana aiki da ƙarfin da ya kai 40 a ma'aunin da mai faci yake auna iskar taya, ruwan cikinta kuwa a lokacin ya haura digiri 140. Saboda haka ba a gwada tsohuwar tukunya da wuta. Cika ta ake yi da ruwan sanyi fal, a fitar da iska gaba ɗaya, a toshe ƙofofin, sannan a matsa mata ruwa da ƙaramin famfon hannu har ma'auni ya kai ninki ɗaya da rabi na ƙarfin aikinta, ko ninki biyu in an yi mata sabon liƙi. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa. In akwai rauni, ɗigo za ka gani, allurar ma'auni ta sauka, shi ke nan. Da tururi ne, raunin nan a fuskarka zai buɗe. Baba ya ce haka ake yi wa manyan tukwane a harabar reluwe ta Ebute Metta, bambancin kawai girman famfo.

Gwajin ya nuna ɗigo a gindin bututun da tururi yake fita. Da na wanke wurin da ruwan tsami don cire farin dattin da ruwa yake bari, sai na ga wata 'yar tagulla ta koma ja-ja. Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da zinki, kuma ruwan zafi na shekaru yakan zuƙe zinkin ya bar ƙarfen kamar lafiyayye a ido, alhali da ɗan matsi zai marmashe. Tun daga nan duk tagullar da ta yi wannan launi ba na yarda da ita, ko a famfon gida ne.

Wurin liƙewa ma akwai magana. Abin da hannu ya saba da shi dalma ce, ga ta a kowane shagon gyaran rediyo. To dalma tana narkewa tun kafin digiri 200, tana kuma yin laushi kafin nan. Ruwa ya ƙare a tukunya wuta na ci, ta tafi. Liƙin azurfa ake so, wanda sai ya wuce digiri 600 yake narkewa. Kuma in ka taɓa sa dalma a wurin, azurfar ba za ta kama da kyau ba sai an kankare ta tas, wato gyaran gaggawa yana ɓata gyaran gaske da zai biyo baya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wani maƙerin zobe da 'yan kunne na kai wa, shi ya liƙa mini, ina tsaye ina kallon yadda yake zafafa ƙarfen gaba ɗaya har azurfar ta bi tsagin da kanta.

Ƙusoshin sun koya mini wani abu daban. Ƙirar Ingila ne, zarensu na tsohon ma'aunin BA ne, ba na milimita da ya cika kasuwa yau ba. Ƙusar milimita tana shiga zagaye ɗaya ko biyu, ta cije. A nan ne bakaniken da ke sauri yake ƙara ƙarfi, ya cinye zaren ramin, ramin da ya yi shekaru lafiya lau. Waɗanda suka ƙage na jiƙa su a kananzir na rabu da su, kullum in ɗan taɓa, har suka saki da kansu. Waɗanda suka ɓata kuwa, samfur na kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe suka yi mini daidai da tsohon zaren. Yaran shagona sun ga kamar ɓata lokaci ne. Ni kuwa a nan na gane cewa wanda ya ƙera abu ya riga ya zaɓi ma'auninsa, kuma aikin mai gyara shi ne ya gano wannan ma'auni ya bi shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne zaman ƙafafun. Sandar da ke juya ƙafafun dama da wadda ke juya na hagu ba a jere suke ba, ɗaya tana gaban ɗaya da rubu'in zagaye, digiri 90. Dalili shi ne idan fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa ba shi da ƙarfin juya ƙafa, to a daidai lokacin ɗan'uwansa yana tsakiyar tasa tafiyar, shi zai ja. Shi ya sa jirgi yake iya tashi duk inda ya tsaya. Wata ƙafa a namu ta ɗan zame a kan gatarinta, abin da ido ba ya gani, amma ta sa sandunan suna cijewa sau ɗaya a kowane zagaye.

Bayan na daidaita ta, ba mu hura wuta ba. Wurin mai faci na bakin titi muka je, muka ba injin iska kaɗan-kaɗan, ƙafafun a sama. Baba ya sa kunne. Injin mai silinda biyu yana fitar da numfashi huɗu a kowane zagayen ƙafa, kuma dole tazararsu ta zo daidai. Ya ce, "Na uku yana makara, gurgu ne. Matsa bawul ɗin hagu kaɗan." Na matsa shi abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, sautin ya daidaita. Ilimin nan a kunnensa yake, daga shekarun da ya yi tsakanin tashar Iddo ta Legas da Arewa, kuma ban san wani yaro a unguwarmu da ya karɓe shi daga gare shi ba. Wannan yana damuna.

Muna aiki yana ba ni labarin layin. Dogon da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, kafin shekarar 1912 ta ƙare kuma ana iya shiga jirgi daga nan har Kano, tafiyar sama da kilomita 1,100. Kwal ɗin da yake zubawa na Inugu ne, inda aka gano shi a 1909. Goro yana hawa, shanu da gyaɗa suna saukowa, kuma zaman Hausawa da yawa a Agege yana da alaƙa da wannan tasha da wannan goro. Tsohon layin faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 kuwa 1,435, don haka taragon wancan ba ya hawa wannan. Mai son ganin hotuna da kayan aikin wancan zamani ya je Gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, ginin 1898 da aka mayar ƙaramin gidan tarihi.

Man da ƙaramin jirgin yake sha ma nasa daban ne. Baƙin man mota ba ya jure tururi, wankewa yake ya bar silinda a bushe. Akwai mai kauri na musamman, da wani ɗan ƙoƙo da ake zuba shi: tururi ya shiga ya koma ruwa, ruwan ya nutse ƙasa, ya ɗaga man sama ya bi bututu zuwa silinda. Babu famfo, babu komai mai motsi.

A kan fenti ne muka yi saɓani da babban ɗan Baba. Shi yana so a goge da samfefa a fesa sabo mai sheƙi, ya dace da falo. Na ce masa, "Yaya, sabon fenti kowa zai iya yi, wannan kuwa in ya tafi ya tafi." Inda hannu ya saba kamawa ya koɗe, kusa da murhu zafi ya dafa koren ya yi duhu, kuma waɗannan su ne shaidar cewa jirgin ya yi aiki. Na wanke shi da sabulu mai laushi, na taɓa wuraren da ƙarfe ya fito kaɗai don kada tsatsa ta samu ƙofa, na shafa kakin zuma. Har yanzu Yaya bai gamsu ba, amma Baba ya goyi bayana.

Mun hura wuta a tsakar gida da ruwan sama da aka tace, don na rijiya yana barin farin dattin nan. Bawul ɗin kariya ya buɗe a inda aka saita shi, ƙafafun suka juya a kan katakon da muka ɗora shi. Sharaɗin ajiya da na bar musu shi ne a zubar da ruwan tukunya tun tana da ɗumi, a bar murfin a buɗe ta bushe, a shafe sandunan da mai, kuma kada a sake naɗe shi da zane, don zane yana riƙe danshi.

Saura layi. Ina yanka shi daga siraran sandunan alminiyam, 'yan katakai a ƙarƙashi, kuma kwana ce take ba ni aiki: in ta yi tsanani ƙafafun tsakiya sukan hau bakin dogo su sauka. Tsakar gidan Baba ba ta da faɗin da zagaye zai samu, don haka muna magana da shugaban wata makarantar Islamiyya da ke kusa ya ara mana filinsu ranar Alhamis da yamma, yara su zo su gani, Baba kuma ya yi musu bayanin numfashi huɗun nan da bakinsa.