Ihun da na kasa rubutawa

Asabar, Birnin Kebbi.

Kwana uku ke nan ina fama da layi ɗaya a gajeren labarin da nake rubutawa. Wata mata ce a bakin kogi a Yauri, aka zo aka gaya mata cewa kwale-kwalen da mijinta ya shiga ya kife, ni kuwa abin da na iya sa wa a takarda shi ne "sai ta fasa ihu", kuma duk lokacin da na karanta sai in ji shi lami, kamar miyar da aka manta da gishiri.

Mun idar da sallar asuba ke nan sai kururuwa ta tashi daga gidan da ke bayanmu: "Wayyo Allah, jama'a ku kawo ɗauki!" Ashe kaskon wutar da aka kwana da shi saboda sanyin hunturu ne ya kama labule. Ban san lokacin da na ɗauki bokiti ba, na dai tsinci kaina a tsakar gidan mutane da takalmi ƙafa ɗaya, wani dattijo kuma yana ta tambayar "Mi yaf faru?" alhali ya riga ya sheƙa ruwa sau biyu. Allah ya taƙaita, labulen da gefen katifa ne kawai suka ƙone.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya fito. Na tuna wani bincike da aka yi a Jami'ar New York a 2015, wanda ya nuna cewa ƙarfin sautin ihu yana hawa da sauka tsakanin sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya, alhali na maganar yau da kullum bai wuce sau 4 ko 5 ba, kuma wannan kaushin ne yake tada sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. To, wannan ya bayyana dalilin gudunmu, amma bai bayyana dalilin ihunta ba. A ganina tsoro kaɗai ba ya isa. Maƙwabciyarmu ba wutar ta yi wa ihu ba, mu ta kira, domin ta san akwai masu ji a bayan katanga.

Hausa ma ba ta zuba ire-iren ihu a kwando ɗaya ba. Kururuwa neman agaji ce, shewa ta mata ce idan hira ta yi daɗi, sowa kuma ita ce ke tashi a Matan Fada a Argungu idan aka buga bindiga masunta suka auka ruwa da homa da gora. Lalaci ne kawai ya sa na riƙe kalma ɗaya.

Da la'asar na je gaishe da gwaggona, na tarar ana kai amarya a layinsu, wata tsohuwa ta kama hanci tana rangaɗa guɗa, muryarta ta fi ta asuba tsini, amma ko yaro bai razana ba. Bayan mun gaisa na karanta wa Gwaggo layin nawa, domin ita ta san takaba, ba labari aka ba ta ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, wa za ta kira? Wanda za ta kira ai shi ne ruwa ya ci." Ta ce ranar da aka kawo mata labarin rasuwar mijinta salati kawai ta yi, ta zauna a kan turmi, mata suna ta koke-koke a kanta tana kallonsu kamar baƙuwa. Sai a rana ta uku, da ta zuba tuwon dare a kwanonsa bisa sabo, ta ɗauka za ta kai masa turaka, a nan ne muryar ta ƙwace mata har maƙwabta suka shigo.

Bayan isha'i na soke layin. Yanzu matar tana tsaye a bakin kogi ba ta ce uffan ba, tana riƙe da ƙullin goron da mijinta ya manta bai ɗauka ba. Ihun na ɗage shi zuwa shafi na shida, gobe kuma zan nemo abin da zai fito da shi, domin kwanon tuwon na Gwaggo ne, ba zan taɓa shi ba sai da izininta.