Daga Garwa zuwa bakin teku: abin da tafiyar Kiribi ta koya mini

Na daɗe ina yi wa iyalina alkawarin kai su ganin teku a Kiribi, wani gari da ke kudancin Kamaru, domin a gidanmu da ke Garwa babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai da tafkin Lagdo girma. Da Allah ya hore, sai na sa rana a watan Oktoba, bisa lissafin da kowane ɗan arewa zai yi: damina ta ɗauke, an shiga kaka, hanya ta bushe. Maƙwabcina ne, wani dattijon direban tanka da ya yi shekaru yana zirga-zirga kudu, ya tare ni bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, ka sake shawara. Lokacin da kake cewa ruwa ya ɗauke, a can ake yin sa kamar da bakin ƙwarya."

Gaskiyarsa kuwa. Yankin Kiribi damina biyu yake yi a shekara, ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a can ya kusa ninka na Garwa sau uku. Rani na sosai daga Disamba yake zuwa Fabrairu, wato daidai lokacin da mu muke fama da hunturu da hazo. Na mayar da tafiyar zuwa hutun makaranta na ƙarshen Disamba, sai dai ban yi la'akari da cewa wannan lissafin kowa ya iya shi ba. Mutanen Duwala da Yawunde sukan cika garin a wannan hutu, musamman daga Juma'a zuwa Lahadi, kuɗin ɗaki kuma ya tashi. Wani masauki da muka yi magana da shi ta waya tun mako uku kafin mu taso ya ba da ɗakinmu ga wanda ya riga mu biya, saboda ni baki kawai na bayar, ban tura ko sisi na kafin alƙalami ba. Sai da muka yi yawo da kaya da yara uku har bayan la'asar kafin muka sami wurin sauka.

Ita kanta hanyar ta ci kwana biyu: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare mai tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yawunde, sannan wata motar da ta bi ta Edeya, garin da ke bakin kogin Sanaga. Wanda ke da hutun kwana goma, to shida ne nasa a bakin ruwa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yammacin rana ta biyu. Mun shimfiɗa tabarma a kan rairayi, nesa da ruwa da kamar taku ashirin, muka ajiye takalma da buta, muka tayar da sallah. A Kiribi teku yana yamma, alƙibla kuma tana arewa maso gabas, saboda haka mai sallah baya yake ba ruwa. Muna zaman tahiya na ji sanyi ya ratsa gwiwoyina. Kafin mu sallame, igiyar ruwa ta tafi da takalmin maiɗakina ƙafa ɗaya, buta kuma tana can tana lilo a kan kumfa. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma kusa da mu ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya bayyana mini da Faransanci cewa teku yakan cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma cikar takan fi ƙarfi idan wata ya tsaya da kuma idan ya cika. Na duba lissafina, ranar sha huɗu ga wata ce. Mu da muka tashi da ƙidayar wata ashe muna riƙe da jadawalin teku ba mu sani ba.

Shi dai wannan dattijo ne ya hana babban ɗana shiga inda ya nufa. Yaron ya iya iyo, a Binuwai ya koya, kuma ya hango wani wuri da ruwan ya kwanta lumui tsakanin igiyoyi masu fashewa, ya ce nan ne ya fi sauƙi. Dattijon ya kama hannunsa ya ce wannan kwanciyar ita ce hanyar da ruwan da ya bugi gaɓa yake bi ya koma ciki, kuma wanda ya faɗa mata, in ya ce zai yi kokawa da ita ya nufo gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Dabarar ita ce ya yi iyo a kaikaice, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan ruwan. Kogi gefe guda yake ja, kuma kana ganin inda ya nufa. Wannan kuwa ciki yake ja, fuskarsa a sake. Tun daga ranar na kafa doka cewa ba mai wuce gwiwa sai a inda muka ga 'ya'yan masunta suna wanka.

Mun ga hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906, mun ci gasasshen kifi a Mboa-Manga inda kwale-kwale ke sauke kamu, mun kuma je inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ƙasa da kilomita goma kudu da gari. Wurin ya cancanci suna, amma a ganina da safe ya kamata a je, kafin masu talla da masu kwale-kwalen haya su yi wa baƙo caa.

Gaɓar da na fi so tana gaba, bayan sabuwar tashar jiragen ruwa ta Mboro da ta fara aiki a 2018. Daga nan muka bi jar hanya cikin kurmi zuwa Eboje, ƙauyen masunta mai nisan kusan kilomita 50 daga Kiribi, a kan hanyar Kampo da iyakar Ikwatoriyal Gini. Da a Oktoba muka zo, ban ga yadda ƙaramar motar haya za ta fita daga taɓon wannan hanya ba. A nan itatuwa suke sauka har bakin rairayi, kana iya tafiyar awa guda ba ka gamu da kowa ba. Mun tafi da kuɗi a hannu, da ruwan sha, da gidan sauro, da garin kunu da kilishi saboda yara, kuma duk sun yi rana.

Kunkurun teku ne ya kai mu, domin a waɗannan watanni suke fitowa da dare su yi ƙwai a cikin rairayi. Daren farko mun yi ta sintiri da ɗan jagora har ƙarfe ɗaya ba mu ga komai ba, maiɗakina ta ce, "Baban yara, a kan kunkuru ka hana mu barci?" A dare na biyu muka tarar da wata ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, tana zuba ƙwai farare kamar ƙwallon tebur. Jagoran ya hana mu haska tocila, ya ce haske yana firgita su su koma ruwa, kuma sai bayan kusan wata biyu 'ya'yan za su fashe. Ta binne ramin, ta daddaɓe shi da cikinta, ta ja jiki ta koma, mu kuma muna tsugune ba mai ko tari.

Da za mu dawo na bar kwana guda a Yawunde don kada jinkirin mota ya sa jirgi ya tafi ya bar mu, na kuma ciko gora da ruwan teku saboda mahaifiyata, wadda ba ta yarda akwai ruwa mai gishiri da ba mutum ne ya zuba ba. Ta ɗanɗana da yatsa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ikon Allah! To su kifayen me suke sha?"