Lahadi a Garwa, ƙarƙashin darbejiya

Zafin yau ba a magana. Bayan azahar aka ɗauke wuta, muka fito da tabarma gindin darbejiya, ni da Kaka da Auta, muna ɓarar gyaɗar da aka sayo mana daga kasuwar Pitowa.

Auta sai murmushi take yi wa waya. Na fizge na duba, ashe saurayin ne. Ya rubuto da Fillanci, "mi yiɗi ma", ya sake da Hausa don kada ta ce ba ta gane ba: ina son ki. Na karanta da ƙarfi, don tsokana. Kaka ta taɓe baki ta ce, "So? Ai akuya ma tana son dusa. Ya ce yana ƙaunarki?"

Dariya har da hawaye, amma tsohuwar tana da gaskiya. So ba shi da tsada. Ina son shayi, ina son in je Marwa, ga son kai, ga son zuciya, duk baki ɗaya ke faɗinsu. Fillancin ma haka yake, da "mi yiɗi" ake neman ruwan sha. Na Faransanci ya fi ban haushi: a lise, wato sakandare, aka koya mana idan ka ƙara "bien" bayan "je t'aime", ka rage maganar ne, ta koma abota. Ƙauna kuwa ba a yi wa ƙosai. Sai dai wajen ƙi, ka ji mutum ya ce ba ya ƙaunar hayaniya.

Da la'asar maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, zance ya gangaro kan Kawu. Shi ne ɗan farin Kaka, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take cewa. Tun da ya ƙetare Kusiri ya shiga Njamena, waya ta yi ta raguwa har ta tsaya. Matar ta ce a yi ta addu'a kawai. Kaka ba ta ɗago ba, ta ce, "Ni dai ban yanke ƙauna ba."

Sau nawa na faɗi maganar nan a kan sakamakon jarrabawa ko bashi, ban taɓa lura ƙaunar Auta ce a ciki ba, wadda muka gama yi wa dariya ɗazu.

Can na ga Kaka tana tsince manyan ƙwayoyin gyaɗa tana zubawa a wani kwano daban. Auta ta ce, "Kaka, na wane ne wannan?"

"Ke dai ɓare," in ji ta.